Jita da muryar sintesaiza: a jera fedal ɗai-ɗai, ko akwati guda ya wadatar?

A wurin biki a Katsina ko Daura, fiyano ce ke cika fili. Ita ke riƙe bas, ita ke yin shimfiɗa, wato dogon sautin da ke kwance a ƙarƙashin waƙa, ita ke kwaikwayon algaita da goge, mai jita kuwa sau da yawa ɗan rakiya ne. Shi ya sa masu jita, musamman waɗanda ke leƙa Maraɗi da Damagaram inda jita ke da kasuwa, suke yawan tambayar yadda za a sa ta yi muryar sintesaiza. Hanyoyin da ake bi huɗu ne: jera fedal ɗai-ɗai (ƙananan akwatunan sauya sauti da ake takawa da ƙafa), sayen fedal guda da aka ƙera don wannan aikin, amfani da akwatin nan mai tarin sautuka iri-iri, ko liƙa wa jitar fikof na musamman, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya tura shi cikin waya. Kowacce tana da inda take yin zarra da inda take ba da kunya. Abin da zai raba maka gardama ba sunan kamfani ba ne. Tambaya ce guda: tsirkiya ɗaya kake kaɗawa a lokaci guda, ko kod kake dannawa, wato tsirkiyoyi da yawa a tare?

Kafin a shiga kasuwa, a san abin da kunne ke ji ya ce wannan sintesaiza ce. Abu uku ne. Na farko, sautin da ba ya mutuwa, yana nan daram muddin yatsa na kan maɓalli, kamar mai algaita da ya cika kumatu yana busa ba yankewa. Na biyu, filta mai buɗewa da rufewa, wadda ke sa sautin ya ce "waw" ko "yaw". Na uku, yadda sautin ke shigowa: ko ya faɗo a yanke kamar sara, ko ya taso a hankali kamar an ja izga a kan goge. Jita kuwa halinta akasin haka ne. Da ka bugi tsirkiya sai ta yi cizo mai kaifi, daga nan ta fara dusashewa. Duk aikin fedal ɗin da za a ambata shi ne ɓoye wannan cizon, hana dusashewar, da ƙara wa sautin kauri don filta ta sami abin yanka.

Jeren fedal ɗai-ɗai

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ita ce ta fi koyar da mutum. Tsarin da ya fi aiki shi ne: jita, kwamfiresa mai daidaita ƙarfin bugu, oktaf, faz, filta, koras ko feza masu sa sauti ya riƙa kaɗawa, sannan eko mai maimaita sauti a ƙarshe. Jerin ba na ado ba ne, kowanne da dalilin zamansa a wurin.

Fedal ɗin oktaf na tsohon yayi, irin Boss OC-2 da ya fito a 1982 ko kwafinsa mai araha Behringer UO300, ba ya sauya sautin jita kai tsaye. Ƙirga girgizar tsirkiya yake yi, ya raba biyu, ya fitar da sabon sauti a ƙasa. Tsirkiyar A tana girgiza sau 110 a daƙiƙa, shi kuma ya ba ka 55. Da yake ƙirga yake yi, dole abin da ke shigar masa ya zama tsaf. Ka ba shi tsirkiya biyu a tare, ƙirgar ta rikice, sautin ya riƙa tsalle tsakanin sama da ƙasa kamar rediyon da ya rasa tasha. Don haka yake zama kusa da jita, kafin faz ya gurɓata sautin. Abubuwa huɗu ke gyara masa bin sawu: ka koma fikof na wajen wuya, ka rage maɓallin Tone na jitar zuwa wajen 3 ko ƙasa, ka kaɗa daga firet na 5 zuwa na 12 (firet su ne gaɓoɓin ƙarfen da ke jere a wuyan jita), kuma ka kashe sauran tsirkiyoyin da gefen tafin hannu. Kaɗawa da naman babban yatsa ta fi fik, wato 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, tsabta a nan. In ka rufe maɓallin Direct na fedal ɗin gaba ɗaya, ka buɗe Oct 1 kaɗai, abin da zai fito ya riga ya kama hanyar bas ɗin sintesaiza tun ba a ƙara komai ba.

Faz shi ke aske kan igiyar sauti ya mayar da ita mai kusurwa, kusa da abin da injin sintesaiza ke fitarwa, kuma shi ke sa sautin ya daɗe. Sai dai ba kowane faz ya dace da tsakiyar jeri ba. Nau'in Fuzz Face yana son ya ji jita kai tsaye. In ka sa wani fedal mai bafa, wato da'irar da ke ƙarfafa saƙon jita, a gabansa sai ya zama mai tsini, mara daɗi. Big Muff na Electro-Harmonix ko Behringer SF300 ba ruwansu da wannan. Sannan a guji faz mai transistan jamaniyam. Zafi na sauya masa hali, kuma wanda ya san Katsina a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san fedal ɗin da aka saita da asuba a ɗaki ba shi za a tarar da la'asar a ƙarƙashin rumfa ba. Na silikon ya fi haƙuri.

Akwai dalilin lissafi da ya sa faz ba ya son kod. Idan sautuka biyu suka shiga tare, yakan haifar da na uku wanda shi ne bambancin da ke tsakaninsu. A mai 110 da E mai 165 bambancinsu 55 ne, wato oktaf ɗin A a ƙasa, sai abin ya ƙara kauri. Amma A mai 110 da C# mai kusan 139 bambancinsu wajen 29 ne, wanda ba shi da dangi a cikin waƙar, sai ka ji taɓo. Ke nan da faz za ka iya danna tsirkiya biyu masu tazarar biyar ko oktaf, ban da cikakken kod.

Filta ce ke da rigima. Wadda aka fi sani ita ce mai buɗewa gwargwadon ƙarfin bugu, zuriyar Mu-Tron III na 1972, irin su Q-Tron da Boss AW-3. Ka buga da ƙarfi ta buɗe, sautin na raguwa tana rufewa. To amma kwamfiresa da faz sun riga sun daidaita ƙarfin kafin ya iso gare ta, don haka sai ta buɗe ta tsaya cak, ba motsi. Nan ne yawancin masu gwaji ke cewa fedal ɗin ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Mafita uku ce. Ko ka nemi filta mai ƙofar fita da komowa, kamar Q-Tron+, ka sa faz a cikin wannan zagayen, ta yadda filtar za ta ji bugun jita na asali amma ta yanka sautin faz. Ko ka rage Sensitivity sosai, ka kuma rage ƙarar faz har filtar ta fara numfashi. Ko ka yi watsi da ita ka sa wawa (wah-wah), wato filtar da ake takawa da ƙafa, bayan faz, kana taka shi a hankali maimakon kaɗa shi da sauri. Wannan na ƙarshen ya fi sauƙin samu a kasuwar kayan kiɗa, kuma mu a ganinmu ya fi ba mai kiɗa iko, don ƙafa ce ke yanke hukunci ba na'ura ba.

Shigowar sauti a hankali kuwa fedal ɗin ƙara ke yin ta: ka rufe, ka bugi tsirkiya, sannan ka buɗe. Ya zauna bayan faz, kafin eko. In ka sa shi gaban faz, ƙazantar sautin ce za ta riƙa sauyawa ba ƙararsa ba. A lura da nau'i: Boss FV-500H na jita ne kai tsaye, FV-500L na bayan wasu fedal ne. Wanda ya sa L ɗin daf da jita zai ji sautin ya dushe. Wanda ba shi da fedal, ƙaramin yatsa a kan maɓallin Volume na jitar ya isa, sai dai ya fi sauƙi a jita irin Stratocaster inda maɓallin ke kusa da tsirkiya.

Electro-Harmonix Micro Synth, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1970, duk wannan jerin ne a cikin akwati ɗaya mai majanyi goma: huɗu na muryoyi, wato oktaf na ƙasa, jita, oktaf na sama da igiya mai kusurwa, ɗaya na jinkirta shigowa, huɗu na filta, sai Trigger mai saita ƙarfin bugun da zai tayar da ita. Fa'idarsa ita ce filtarsa ba ta bin ƙarfin bugu. Kai ke gaya mata inda za ta fara, inda za ta tsaya, da saurin tafiyarta, don haka matsalar da aka faɗa a sama ba ta taso ba. Illarsa, murya ɗaya ne shi ma, ba ya ajiye saiti, kuma majanyi goma a buɗe ƙofofi goma ne na ƙurar hunturu.

Hanyar jeren fedal ɗai-ɗai ta fi kowacce kauri a bas da kiɗan jagora mai murya ɗaya, kuma ba ta da jinkiri ko kaɗan. Ana iya tara ta sannu a hankali, wata ɗaya oktaf, wata na gaba faz. Amma wayoyi shida, adafta, da ƙugi, duk naka ne. Kuma in mawaƙi ya sauya waƙa, sai ka durƙusa kana murɗa maɓallai a gaban jama'a.

Fedal guda da aka ƙera don aikin

Daga 2005, da Electro-Harmonix ya fito da POG, aka sami oktaf na dijital mai iya ɗaukar cikakken kod ba tare da rikicewa ba. POG2 yana ba da oktaf biyu a ƙasa, biyu a sama, da majanyin Attack mai haɗiye cizon fik, da filta, da Detune, kuma yana ajiye saiti takwas. Ka rufe jitar asali, ka ɗaga oktaf ɗaya ƙasa da ɗaya sama, ka tura Attack zuwa rabi, ka bi shi da koras: ga ogan. Shi kaɗai ba ya gurnani, sai an ƙara masa faz, kuma filtarsa a tsaye take.

Biyun da aka fi kwatantawa yau su ne Synth9 na Electro-Harmonix, na 2017, da Boss SY-1, na 2019. Dukansu suna karɓar wayar jita ta yau da kullum, dukansu suna ɗaukar kod. Synth9 sautuka tara ne, kowanne kwaikwayon wani tsohon sintesaiza, da maɓallai biyu na gyara, da mafita biyu: ɗaya ta jita tsantsa, ɗaya ta sintesaiza. Wannan mafita biyun abin so ce a dandali, don mai miksa zai iya ba kowacce layinta. Yana son bugu daidaitacce, shi ya sa kwamfiresa a gabansa ke taimaka masa ƙwarai. SY-1 kuwa sautuka 121 ne, rukuni 11 kowanne da 11: na jagora, shimfiɗa, bas, tsirkiyoyi, ƙararrawa, ogan, har da masu maimaita kansu a kan kari. In ka danne fedal ɗin da ƙafa sautin zai tsaya, kai kuma ka ci gaba da kaɗa jita a kansa. Yana da mashigar fedal na ƙafa don motsa filta, da ƙofar fita da komowa, da makunnin zaɓi tsakanin jita da bas.

A gaskiya cikin 121 ɗin nan, waɗanda za ka yi aiki da su a biki ba za su wuce goma ba, kuma babban aibin SY-1 shi ne ba ya ajiye saiti. Tsakanin waƙa da waƙa sai ka sunkuya ka ƙirga daƙwalen maɓalli a cikin duhu. SY-200, wanda ya biyo baya a 2021, ya gyara wannan: sautuka 171, wurin ajiya 128, da allo. Wanda ke kiɗan dandali kowane mako, ƙarin kuɗin SY-200 ya cancanta. Wanda situdiyo ne aikinsa, SY-1 ya ishe shi, tunda a can ba mai jiran ka.

Ina suka gaza? Kaurin bas ɗinsu bai kai na OC-2 da faz ba, kuma ba ka da ikon ƙera sauti daga tushe. Abin da kamfani ya dafa shi za ka ci, gishiri kawai ake bar maka. Masu son ƙira daga tushe su duba Source Audio C4, wanda ake shirya shi ta waya ko kwamfuta, ko Meris Enzo; amma samun su a nan sai an yi oda, kuma C4 ya fi ƙarfi a murya ɗaya.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abu da ya dace da kiɗanmu fiye da yadda ake zato: Freeze, na 2010. Yana cafke sautin da ke tashi a daidai lokacin da ka taka shi, ya riƙe ba iyaka. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke yawo, suna komawa gida ɗaya, don haka uwar murya guda da aka daskarar a ƙasa takan ɗauki baiti sukutum. Ka taka shi bayan cizon fik ya wuce, kamar rabin daƙiƙa, in ba haka ba cizon ma zai daskare ya riƙa ƙara. Kuma sautin da aka daskarar shi kaɗai gawa ne. A bi shi da feza mai tafiyar hawainiya don ya yi rai. Superego, ƙanensa na 2012, yana da ƙofar da za ka sa fezar ta shafi daskararren sautin kaɗai, jitar ta fito tsaf.

Akwatin tarin sautuka

Zoom G1X Four da MS-50G su ne abin da aljihun yawancin matasa zai iya kaiwa, kuma sun fi yawa a hannun masu sayar da na hannu. G1X Four yana jera abubuwa biyar a lokaci ɗaya, yana da fedal na ƙafa a jikinsa, yana cin batir AA huɗu ko wutar USB. MS-50G yana jera har shida, da batir AA biyu. Duk jerin da aka bayyana a sama za ka iya gina shi a ciki: oktaf, faz, filta, koras, eko, ka ajiye da suna, ka kira shi da taku ɗaya.

Iyakarsa biyu ce. Ƙwaƙwalwar na'urar tana da ƙarfin da ba ta wucewa, kuma masu sauya murya da manyan ribab masu kwaikwayon amon ɗaki suna cin kaso mai yawa, don haka wani lokaci tun ba ka cika gurabe ba za ta ce ta ƙoshi. Sai ka sadaukar da kwaikwayon amfilifaya, wanda dama ba ka buƙatar sa a nan. Na biyu, sautukan sintesaiza da ke ciki na murya ɗaya ne, kuma a tsirkiyoyin ƙasa sukan yi ɗan santsi kafin su kama. Maganin dai shi ne na OC-2: fikof na wuya, Tone a rage, kaɗawa a tsakiyar wuya. Line 6 HX Stomp ya fi su nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa ya sayi fiyano mai kyau, wannan kuma wata shawara ce.

Wanda bai taɓa gwada ko ɗaya ba, nan ya kamata ya fara. Ko daga baya ka sayi SY-1, Zoom ɗin ba zai zama asara ba, sai ya koma bayansa yana ba da koras da eko.

Fikof mai raba tsirkiyoyi

Roland ya fara sintesaizar jita tun GR-500 na 1977. Tsarin da aka fi sani yanzu shi ne fikof GK-3 da na'ura irin GR-55 ta 2011. GK-3 ƙananan fikof shida ne a jere, kowace tsirkiya da nata, ana liƙa shi daf da gadar jita, da tazarar kusan milimita 1 tsakaninsa da tsirkiya idan an danne firet na ƙarshe. Sai waya mai fil 13 ta kai saƙo ga na'urar. A cikin hanyoyin nan huɗu, wannan ce za ta ba ka fiyano, sarewa ko ƙaho na gaske, kuma ta bar ka ka rubuta MIDI a kwamfuta, wato saƙon da ke gaya wa na'ura sautin da za ta buga.

Farashinta jinkiri ne. Na'urar sai ta saurari girgiza ɗaya ko biyu kafin ta gane sautin. Babbar tsirkiyar E tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, zagaye ɗaya milisakan 12 ke nan, biyu kuma 24, kunne kuwa yana fara jin tazara daga wajen 10 zuwa sama. A kiɗa mai kalangu, inda kari ke da tsauri, wannan latti ne da kowa zai ji. Ƙaramar E mai 330 zagayenta milisakan 3 ne kacal, shi ya sa gwanaye ke kaɗa layin bas a ƙananan tsirkiyoyi su sa na'urar ta sauke shi oktaf ɗaya ko biyu. Sannan duk ɗan kuskuren yatsa, ko shafar tsirkiya a wucewa, yakan fito a matsayin baƙon sauti. Jan tsirkiya da zamiya, waɗanda su ke sa jita ta bi karin harshe, ba sa fita daidai sai adadin lanƙwasa ya zama ɗaya a mai aikawa da mai karɓa. In ɗaya na kan 2 ɗaya na kan 12, waƙa ta karkace. Wayar mai fil 13 kuma in ta tsinke ranar Asabar a Daura, ba a shagon mai gyaran rediyo za a samo ta ba. Ga mai situdiyo da jita ce hannunsa ba fiyano ba, hanya ce mai kyau. Ga mai yawon biki, wahalarta ta fi romonta.

To wanne?

In ƙungiyarku tana da mai fiyano, kada ka sayi abin da zai sa ka yi takara da shi a shimfiɗa, domin zai kayar da kai, yatsu goma gare shi. Gurbin da ya bari shi ne murya ɗaya mai lanƙwasa, mai kuka kamar algaita, wadda maɓallin fiyano ba ya iya yi da kyau. Wannan kuwa oktaf, faz da wawa ne, ko a jere ko a cikin Zoom. In babu mai fiyano, kai ne za ka cike wurin, to kod kake buƙata: SY-200 in da hali, SY-1 ko Synth9 in babu, da Freeze in ya samu. In babu mai bas, OC-2 ko Boss OC-5 na 2020, wanda ke da yanayin tsohon da kuma na kod, har yana iya sa oktaf a kan sautin da ya fi ƙasa kaɗai ya bar sauran.

Kowanne ka zaɓa, eko ne ke ɗaure shi da kiɗa. Raba 60,000 da saurin waƙa: mai bugu 120 a minti tana ba da milisakan 500. Karin da aka saba gani a bidiyon Turawa shi ne kashi uku cikin huɗu na wannan, wato 375, amma yawancin kiɗanmu a kan uku-uku yake tafiya, don haka 333 ko 167 ya fi zama a kan ganga. Maimaici biyu ko uku ya isa.

Inda sautin zai fita ma yana cikin lissafi. Sifikar amfilifayar jita ba ta sauka ƙasa da girgiza wajen 80 a daƙiƙa sosai, oktaf ɗin babbar E kuwa 41 ne. Ka matsa mata, takardar ta yage. Gara a bi ta akwatin DI, mai daidaita saƙon jita da layin miksa, zuwa miksa da manyan sifiku, ko amfilifayar fiyano. A miksa, a tabbata maɓallin Low Cut na layinka a kashe yake in bas kake yi. Faz kuma in ya shiga miksa kai tsaye yakan yi tsatsa kamar ana soya ƙosai, saboda babu sifikar jita da za ta tace samansa. A rage High, ko a yanke abin da ya haura girgiza 5,000 zuwa 6,000 a daƙiƙa.

Wuta

Fedal da yawa a nan ba tsufa ke kashe su ba, adafta ce. Kusan dukansu volt 9 suke ci, da fulogi mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa nagatif ne. Adaftar dikoda da ta rauta bakinsu ɗaya da wannan, suna shiga daidai, amma galibi volt 12 ne kuma tsakiyarsu fozitif. Sau ɗaya ya isa. A duba ɗan zanen da ke jikin adafta kafin a soka. Haka wayar nan mai ɗaga wutar fawa-bank daga volt 5 zuwa 9: dabara ce mai kyau, tana raba ka da ƙugin janareta gaba ɗaya, amma yawancinsu don rauta aka yi su, sai an juya wayoyin ko an sa mahaɗi mai juyawa. A auna da mita tukuna. Kayan da aka yo oda daga Amurka kuma adaftarsu ta volt 120 ce, tamu wutar 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a jiki ba, kada a gwada.

Faz da oktaf na tsohon yayi 'yan miliamf kaɗan suke sha, batir ɗaya ya yi makonni. Na dijital irin SY-1 da Synth9 suna shan wajen 100 ko fiye, batir mai volt 9 ba zai kai ƙarshen biki ba. Kuma in ka haɗa na dijital da faz a kan waya ɗaya mai rassa, siririn kukan agogon dijital ɗin zai bi ta wutar ya shiga faz, shi kuma ya ninka shi. A ba na dijital adaftarsa daban, ko a sayi akwatin wuta mai keɓaɓɓun mafita. In ƙugi ya rage, Boss NS-2 yana da ƙofar fita da komowa: jita ta shiga Input, kwamfiresa da oktaf da faz su zauna tsakanin Send da Return, eko ya biyo bayan Output don kada a datse masa wutsiya.

Wanda zai sayi na hannu, a Sabon Garin Kano ne ko aike daga Alaba ta Legas, ya je da jitarsa da adaftarsa in zai yiwu, ko ya sa a ɗauko masa bidiyo ba yankewa. A murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana sauraron ƙarar yashi. In ƙura ce kawai, feshin wanke mahaɗan lantarki zai gyara, ban da man inji. A girgiza wayar a bakin mashiga, a taka makunni sau ashirin a jere. A buɗe gidan batir a duba farin gari ko kore a kan ƙarfen. Sannan a kaɗa kowace tsirkiya daga buɗe har firet na 12, a bar sautin ya mutu da kansa: oktaf na tsohon yayi zai ɗan yi ɓari a ƙarshen numfashi, wannan halinsa ne, amma na dijital da ya yi ɓari a tsakiyar wuya da wuta mai kyau, a mayar wa mai shi.